Yadda Ake Zana Dodon Sin, Daga Ƙashin Baya Zuwa Ƙwayar Ido

Yawancin masu koyon zane idan suka zo kan dodon Sin, wanda Sinawa ke kira long, da kai suke farawa. Sai su ɓata awa guda suna gyaran haƙora da ƙaho, kafin su ankara takarda ta cika, sai a lanƙwasa ɗan jiki a cusa a inda ya rage. Abin da ke fitowa shi ne ƙaton kai a jikin tsutsa. Wannan dabba kuwa tsawo ce da motsi, kuma kyawunta duka a kan layi ɗaya yake rataye, wato layin ƙashin baya. Idan layin nan ya yi rai, ko kan bai gama fita ba mai kallo zai gane abin da aka zana. Idan ya sandare, ɓawo dubu ba zai tashe shi ba.

Kafin a ɗauki fensir, a raba shi da dodon Turai, don mutane da yawa cakuɗa su suke yi. Na Turai yana da fukafukai irin na jemage da ƙaton ciki, yana kuma feso wuta. Na Sin galibi ba shi da fukafukai, in ban da wani nau'i da ake kira Yinglong, kuma a al'adarsu shi ne mai iko da ruwan sama da koguna da teku. Wannan ya shafi zanen kai tsaye. Iyo yake yi a cikin iska, don haka babu wani sashe na jikinsa da ya kamata ya yi nauyi ko ya zauna daram a ƙasa.

Masu zanen Sin na dā sun bar ƙa'ida, ana samunta a littattafan zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Suna cewa dodo gaɓa uku ne da kamanni tara. Gaɓa ukun su ne daga kai zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙarshen wutsiya, kuma tsawonsu ɗaya. Kamanni taran, kamar yadda malami Luo Yuan ya jera su a ƙarni na 12: ƙahon barewa mai rassa, kan raƙumi, idon aljani (wasu littattafan sun ce na zomo), wuyan maciji, cikin wata dabbar ruwa mai kwanso, ɓawon kifi, faratan gaggafa, tafin damisa, da kunnen sa. Kamanni taran kowa ya haddace su, amma gaɓa ukun ne suka fi amfani ga mai koyo, domin su ne ke gaya maka inda ƙafafu za su zauna.

Kayan aiki

Takarda mai girman A3, santimita 29.7 da 42, a ajiye ta a kwance. A4 ta yi kaɗan ga wanda hannunsa bai faɗa ba, don ɓawon zai koma ƙasa da milimita 3, ya zama tabo kawai. In tawada kaɗai za a sa, mai nauyin giram 160 zuwa 200 a kowace murabba'in mita ta isa. In za a sa launin ruwa, a nemi mai giram 300, in ba haka ba takardar za ta kumbura ta yi tudu da kwari. Fensir biyu: H ko 2H na shata, HB na tabbatar da layi. A ajiye 2B da waɗanda suka fi shi laushi a gefe, don gefen hannu yana jan baƙinsu ya dame takarda. Sai magogi mai laushi wanda ba ya cin fuskar takarda, da alƙaluman zane guda uku masu bakin milimita 0.1 da 0.3 da 0.8, waɗanda tawadarsu ba ta narkewa in ruwa ya taɓa ta. Na ƙarshe, zare mai ɗan kauri, santimita 60.

Ƙashin baya

Ninka zaren gida uku, ka ɗiga tawada a santimita 20 da 40. Ɗigon farko kafaɗa ne, na biyu ƙugu. Santimita 6 na farkon zaren na kai ne. Bar gefen takarda santimita 2.5 a kowane ɓangare, sannan ka shimfiɗa zaren kana lanƙwasa shi da yatsa har ka sami fasalin da ya kwanta maka. Amfanin zaren shi ne ba ya ƙarya: tsawon jikin ba ya raguwa don wuri ya ƙure, kuma za ka iya sauya tsari sau goma ba tare da ka goge komai ba.

Kan ya zauna a sama ta hagu ko ta dama, kada a tsakiya, kuma a bar masa fili a gaban fuska aƙalla santimita 8, inda gashin baki da lu'ulu'un da ake zana dodon yana bi za su shiga. Lanƙwasa uku ko huɗu ta wadatar. Abin da ke kashe zane a nan shi ne a yi su daidai wa daida, kowace da girman 'yar'uwarta. Sai abin ya koma ado na gefen littafi. Ta wuya ta zama matsattsiya mai siffar harafin S, kan ya ja baya kamar macijin da ke shirin sara. Ta tsakiya ta fi kowace faɗi da zurfi. Na wutsiya su riƙa ƙanƙancewa suna sauri. Akwai lissafi ɗaya da ba a tsallakewa: tunda jikin zai kai faɗin santimita 3, tazarar da ke tsakanin hannaye biyu na kowace lanƙwasa kada ta gaza santimita 7. In ta gaza, idan aka sa nama gefe da gefe za su haɗe, ƙafa da ƙayar baya su rasa wurin zama.

Idan tsarin ya yi, bi gefen zaren da fensir 2H a hankali, ka ɗauke shi, sannan ka sake bin layin da jan hannu ɗaya ko biyu, motsin yana fitowa daga kafaɗarka da gwiwar hannu. Layin da aka ja da wuyan hannu guntu-guntu yana yin kusurwoyi, kuma ko an rufe shi da ɓawo sai sun nuna.

Yanzu a sa nama. Jera da'irori a kan layin, ɗaya a kowane santimita 3, layin yana ratsa tsakiyarsu. A bayan kai faɗin da'ira santimita 2, ta ƙaru zuwa 3 a kafaɗa, ta tsaya haka har tsakiyar jiki, ta sauko zuwa 2.6 a ƙugu, 1.5 a tsakiyar wutsiya, rabin santimita a ƙarshe. Haɗa gefunansu da layi biyu masu santsi. Jikin da faɗinsa bai canja ba daga wuya har wutsiya bututu ne, wanda kuma ya rame da wuri tun daga ƙugu ƙadangare ne.

Ciki da baya, inda gizo ke saƙa

Dodo yana da ciki mai faranti-faranti irin na maciji, da jerin ƙayoyi a gadon baya. Waɗannan biyun kullum suna kishiyantar juna. Inda ciki yake ƙasa, ƙaya na sama. Magana ce mai sauƙi, amma a nan zanen masu koyo ya fi rushewa: sai ka ga ciki a hagu a wannan lanƙwasa, ya ɓace, ya ɓullo a dama a ta gaba, babu dalili.

Ja layi na uku a cikin jikin, wanda ya yanki kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Wannan shi ne iyakar ciki. Fara daga maƙogwaro, ƙarƙashin haɓa, ka bi shi har wutsiya ba tare da ka tsallaka gefe ba. Muddin jikin yana tafiya gaba yana hawa da sauka, cikin yana ƙasa: a kan tudu yana cikin lanƙwasa, a cikin kwari yana wajenta. Matsala tana zuwa ne idan jikin ya yi kwana ya dawo baya. A nan gefen da yake ƙasa zai koma sama, wato dodon ya kwanta rigingine a wannan sashen. Mafita uku ce. Ko dai ka bar shi haka, don masu zanen dā ma suna barinsa yana birgima. Ko ka murɗa jikin: layin iyakar ciki ya ratsa faɗin jikin a karkace cikin tsawon santimita 5 zuwa 6, yayin da jerin ƙayoyi ke barin gefe ya hau tsakiyar jiki ya sauka ɗaya gefen. Ko kuma ka rufe wurin da gajimare, wanda shi ne mafi sauƙi, kuma ba abin kunya ba ne.

Wanda murɗawar ta ƙi shiga masa kai ya nemi guntuwar igiya mai kauri, ya ja jan layi a tsawonta ta gefe ɗaya, shuɗi ta ɗaya gefen, ya lanƙwasa ta a kan tebur yadda zanen yake, ya kalla. Minti biyar da igiya sun fi dogon bayani.

Farantan ciki gajerun layuka ne da ke ratsa faɗinsa, tazarar milimita 4 zuwa 5, kowane da ɗan lanƙwasa don a ji jikin zagaye yake. Miƙaƙƙen layi yana shafe shi ya zama kamar tsani. A cikin lanƙwasa su matsu, a wajenta su buɗe. Inda jiki ya haye kan jiki, yanke hukunci tun yanzu wane ne a sama, goge layukan na ƙasa, ka bar alamar inuwa milimita 3 ko 4 a gindin na sama. Tun ran gini tun ran zane. Idan tawada ta hau, babu sauran shawara.

Kai

Mai koyo ya zana shi ta gefe, da ɗan karkatowa kaɗan yadda ƙahoni biyu za su fito. Fuskar da ke kallon mutum kai tsaye, irin ta rigunan sarakunan daular Qing ta Sin, tana bukatar hagu da dama su daidaita ƙwarai, a bar ta sai gaba.

Da'ira mai faɗin santimita 2.5 ita ce ƙoƙon kai. Daga gabanta a fitar da dogon akwati santimita 3.5, muƙamuƙin sama ke nan. Na ƙasa ya gaza shi da kamar rabin santimita, ya fi shi siranta, kuma maƙalarsa tana can baya ƙarƙashin da'irar. Buɗin baki digiri 30 ya isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a maƙala muƙamuƙin ƙasa a gaban da'irar, sai bakin ya yi gajere kamar na kare. Tsagar bakin dodo tana zarcewa har ta wuce ƙarƙashin ido, kuma layin leɓen sama ba miƙaƙƙe ba ne: yana tashi a wajen hanci, ya faɗa a tsakiya, ya sake tashi a kusurwar baki. Wannan hawa da saukar ita ce ke ba shi fuskar da ke tsakanin dariya da gurnani.

Saman hanci ya ɗan lotsa a tsakiya kamar na raƙumi, sannan ya kumbura a ƙarshe ya yi dunƙule, da ƙofar hanci mai siffar waƙafi. Ido yana daidai inda akwati ya haɗu da da'ira, zagayayye, ya ɗan fito waje, faɗinsa kamar milimita 6. A bar cikinsa fari tukuna. Gira ce ke yin aikin: mai kauri, ta danne kashi ɗaya cikin uku na saman ido, gashinta ya tashi baya kamar harshen wuta. Ido ba gira idon kifi ne, ba ya tsorata kowa.

Ƙahoni suna fitowa daga bayan gira, su kwanta baya, tsawonsu santimita 5 zuwa 6, kowane da reshe ɗaya ko biyu gajeru, bakinsu a dakushe. Idan aka tsayar da su tsaye ko aka yi musu tsini da lanƙwasa gaba, an koma bijimi. Na nesa ya ɗan fi guntu, gindinsa a ɓoye bayan goshi. Tsakanin ƙahonin akwai ɗan tudu a goshi, wanda tsofaffin littattafai ke kira chimu suna cewa da shi yake tashi sama ba fukafuki. Kunne yana ƙarƙashin ƙaho, ƙarami mai siffar ganye.

Haƙora kada su yi yawa. Fiƙa biyu sama, biyu ƙasa, sai ƙanana biyar ko shida a kowane jeri, girmansu ba ɗaya ba. Harshe siriri mai lanƙwasa daga can cikin baki. Gemu ɗan tuntu a ƙarƙashin haɓa, sai gashin kumatu mai tsini-tsini a bayan kusurwar baki. Geza kuwa a zana ta curi-curi, kamar biyar zuwa bakwai, kowane curi ya fito da kauri ya ƙare da tsini, sannan a ja layuka uku ko huɗu a cikinsa. Mai zana gashi ɗaya-ɗaya tsintsiya zai samu.

Dogayen gashin baki guda biyu suna fitowa daga gefen hanci, tsawonsu ya kai kai ɗaya da rabi, wato kamar santimita 9. A ja kowane da numfashi ɗaya. Su da geza da gemu duka iska ɗaya ke kaɗa su, don haka su fuskanci gefe ɗaya. Ɗan kibiya da fensir a gefen takarda, mai nuna inda iska ke zuwa, tana hana mantuwa.

Ƙafafu

Huɗu ne, biyu a ɗigon kafaɗa, biyu a ɗigon ƙugu. Kowace tsawonta santimita 6 zuwa 7, gaɓa uku: cinya mai kauri, ƙwauri siriri, sai tafi. Fara da karyayyen layi mai siffar harafin Z, sannan ka sa nama. Cinyar da ke kusa da mai kallo ta fara daga cikin jiki, a kan ɓawo, sama da layin ciki, da siffar ƙwai mai faɗin santimita 1.8. Idan aka fitar da ita daga gefen layin jiki sai ta zama kamar an liƙa ta. Ta nesa kuma tana ɓullowa daga bayan jiki, ba a ganin gindinta.

Kada biyu su yi tsayuwa iri ɗaya. Ɗaya ta gaba ta miƙa tana neman lu'ulu'u, ɗayar ta ja baya a naɗe, ɗaya ta baya ta taka gajimare, ta ƙarshe ta tura baya kamar mai iyo. A kowace gwiwa a sa tuntun gashi mai kwantawa baya.

Yawan farata ba ado ba ne kawai a tarihin Sin. Tun zamanin daular Yuan, 1271 zuwa 1368, aka hana talakawa amfani da dodo mai farata biyar, kuma a zamanin daulolin Ming da Qing da suka biyo baya ya zama alamar sarki. Mai huɗu, wanda ake kira mang, shi aka riƙa sa wa a rigunan manyan fadawa da hakimai a wancan zamani. Mai uku ya yawaita a tsofaffin ayyuka, kuma shi aka fi gani a Japan. Ga mai koyo huɗu ya fi sauƙi: uku gaba, ɗaya baya, kamar ƙafar gaggafa. Biyar yana cika wuri, sai an baza yatsun a zagaye kamar ƙafar keke, yadda ake gani a tangaran na zamanin Ming. Duk wanda ka zaɓa, ƙirga shi a ƙafa huɗun. Kowane yatsa gaɓa biyu da ɗan kumburi a ƙasa, farcen ya fito daga saman bakin yatsa ya lanƙwasa ciki, tsawonsa kamar milimita 7.

Ɓawo

A al'ada ana cewa ɓawon dodo 117 ne, 81 na yang, 36 na yin, wato ƙarfi biyu masu kishiyantar juna a hikimar Sinawa. Wannan lissafin masu hikima ne, mai zane ba ya ƙirgawa. Abin da ke gabanka shi ne kada jerin ya karkace, kuma hanyar ita ce raga. Da fensir 2H ja layuka huɗu a tsawon jiki tsakanin gadon baya da iyakar ciki, suna bin lanƙwasar jikin, sai su ba ka jeri biyar. A wurin da ya fi faɗi kowane jeri zai kai milimita 4. Sannan ka ratsa su da layuka masu lanƙwasa, irin na farantan ciki, a kowane milimita 4. A cikin kowane gida sa ɓawo ɗaya mai siffar harafin U, jeri na biyu ya goce da rabin gida, kamar yadda magini ke jera bulo.

Bakin U yana kallon kai, zagayen gindinsa yana kallon wutsiya, kuma na gaba yana rufe na baya, kamar a jikin kifi. Saboda haka daga wuya ake farawa a gangara. Wanda ya juya su ya sa dodonsa iyo da baya, kuma ido yana jin wani abu bai yi ba ko da bai gano mene ne ba. Tatsuniyar Sin ta ce akwai ɓawo a ƙarƙashin maƙogwaronsa da ya juya baya, wanda duk ya taɓa shi ya mutu, amma a nan kaɗai aka yarda da juyin.

Jerin tsakiya ya fi faɗi, na gefe su matse, saboda jikin yana juyawa ne daga ido. Wannan kaɗai yana ba da zagaye fiye da kowace inuwa. A wutsiya da ƙafafu ɓawon ya ƙanƙance, jeri ya ragu daga biyar zuwa uku. A ganina ba dole ne a cike ko'ina ba. Barin wani sashe fari a saman kowane tudu, inda haske ke sauka, yana sa jikin sheƙi, yana kuma hutar da ido. Aikin ɓawo yana cin awa ɗaya zuwa biyu. A tsaya a huta kowane minti ashirin, domin hannun da ya gaji yana ƙara girman ɓawo ba da saninsa ba, sai a ga na ƙugu ya ninka na wuya.

Ƙayoyin baya su zo bayan ɓawo, masu siffar haƙorin zarto ko harshen wuta, duk sun kwanta wajen wutsiya. Tsayinsu milimita 6 zuwa 8 a tsakiyar jiki, suna raguwa ta gaba da ta baya, babba da ƙarami a cakuɗe. Wutsiya ta ƙare da tuntun gashi mai buɗewa, tsawon santimita 4. Daga kafaɗa da ƙugu a fitar da siraran harsunan wuta masu rassa, suna bin iskar nan ɗaya.

Gajimare da lu'ulu'u

Lu'ulu'un da'ira ce mai faɗin santimita 2, da murɗaɗɗen layi a ciki da harsunan wuta uku ko huɗu suna tashi daga gefe. A ajiye shi santimita 4 zuwa 5 daga baki, inda farce ya kusa kai masa amma bai kai ba.

Gajimaren ado ana gina shi da murɗaɗɗun layuka uku a dunƙule da doguwar jela. Wanda ke son ganin yadda gwanaye ke amfani da shi ya nemi hoton naɗaɗɗen zanen dodanni tara na Chen Rong, wanda ya yi a 1244, yana gidan adana kayan fasaha na birnin Boston a Amurka, tsawonsa ya haura mita 10. Da yawa daga cikin dodanninsa ba a ganin jikinsu gaba ɗaya. Kai ya ɓullo nan, ƙafa can, sauran ya nutse cikin hazo da igiyar ruwa, kuma hakan ne ya sa suke da girma. Don koyon lanƙwasar jiki kuwa, bangon dodanni tara na lambun Beihai a Beijing, wanda aka gina a 1756, ya fi bayyana komai a fili. Tutar daular Qing ta 1889 zuwa 1912, shuɗin dodo a kan rawaya yana bin jan lu'ulu'u, ita ce misali mafi sauƙi na kallon gefe. Gajimare biyu ko uku sun isa, su rufe kamar kashi ɗaya cikin biyar na jikin. Sharaɗin shi ne inda jiki ya shiga da inda ya fito su dace, shi ya sa ake zana jikin cikakke da fensir kafin a rufe.

Tawada da launi

Alƙalami 0.8 na gefen jiki da duk inda wani sashe ya haye wani, 0.3 na fuska da farata da ƙayoyi, 0.1 na ɓawo da gashi. Idan aka yi komai da kauri ɗaya, jiki yana nutsewa cikin ɓawo. Mai amfani da hannun dama ya fara daga hagu, bahago daga dama, da 'yar takarda a ƙarƙashin hannu. A jira minti 15 kafin a goge fensir, a goge ta gefe ɗaya, ana riƙe takardar da ɗaya hannun don kada ta tattare.

Mai son gwada burushi da tawadar Sin ya san cewa takardar Xuan, wadda ake yi a lardin Anhui na Sin, manyan irinta biyu ne. Ɗanyar tana shan tawada ta bazu nan take, ta dace da hazo amma tana cinye siririn layi. Wadda aka shafa wa alif da danƙo ita ce ta layuka. A haɗa tawada mataki uku a ƙananan kwanuka: zalla, sai kashi ɗaya da ruwa uku, sai kashi ɗaya da ruwa goma. A fara da mai haske, don duhu ba ya komawa baya. A duhunta bayan dodon da gajimare, a bar jikinsa da haske.

Launi uku sun wadatar: na jiki, na ciki mai haske, na geza da wuta. Rawaya ta sarki ce a al'adarsu, shuɗi-kore na dodon gabas ne da suke kira Qinglong, ja kuma na biki da murna. A shafa mai haske a jiki duka, ya bushe sarai, sannan a ɗiga mai duhu a tushen kowane ɓawo, inda na gaba ya rufe shi.

Ƙwayar ido ita ce ta ƙarshe. Sinawa suna ba da labarin mai zane Zhang Sengyao na ƙarni na 6, wai ya zana dodanni huɗu a bangon wani wurin ibada a birnin Nanjing na yau ya ƙi sa musu ƙwayar ido, da aka matsa masa ya ɗiga wa biyu, sai suka fasa bango suka tashi. Ban da labari ma, akwai dalili na aiki: sai lu'ulu'u ya zauna ake sanin inda ido zai kalla. Ɗora rula daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar lu'ulu'u, ka sa ɗigon a kan wannan layin, kusa da gefen gaba na ido, rabinsa na sama a ƙarƙashin gira. Faɗinsa milimita 2, kada ya wuce. Babbar ƙwaya tana mai da shi ɗan tsana, wadda ta zauna tsakiyar fari kuma tana sa shi kamar ya firgita. Gwada da fensir tukuna, ka ɗaga takardar gaban madubi ka duba. In idanu biyu suna fitowa a zanen, kowane a auna shi da rular dabam, don kada ɗaya ya kalli lu'ulu'u ɗaya ya kalli gefen takarda. Idan tawada ta riga ta sauka ba daidai ba, ɗigon farin fenti mai kauri yana rufe ta, a bar shi ya bushe minti goma a sake ɗigawa.